Turmi a Gidan Ma'aikata

A shekarun da arzikin man fetur ya fara isowa ƙauyuka aka mayar da maigidana Batsari yana malamin gona, aka ba mu ɗaya daga cikin gidajen ma'aikata mai rufin kwano da daɓen siminti. Ni 'yar ƙauyen Zakka ce, a gindin murhu na tashi, amma Malam ya ce matarsa ta gama shan hayaƙi. Ya sayo risho, ya sayo buhun shinkafa, burodi kuma kullum da safe. Turmin da aka kawo ni da shi ya sa aka mayar wa Inna, mahaifiyata, wai ƙarar daka a unguwar ma'aikata ƙauyanci ne. Mutumin kirki ne, sai dai in ya ga sabon abu a kanti hankalinsa ba ya dawowa sai ya kawo shi gida.

Muna da 'ya ɗaya a lokacin, ta fari, wadda ko sunanta ba na kamawa saboda kunya. Tana fara tsayuwa na samu wani cikin, dole aka cire ta daga nono da wuri. A wajenmu yaye aikin kaka ne: a kai mata yaro, ta saba masa da kunu da fura, ta dawo da shi ya yi kumatu. Malam ya ce wannan zamanin ya wuce. Ya shigo da madarar gwangwani da bulumboti, ya karanta mini rubutun jikin gwangwanin da murya irin ta mai wa'azi.

Da farko ta karɓa. Daga baya zawo ya kama ta, ya tafi ya dawo, har maɗigarta ta faɗa. Yarinyar da ke dafa bango ta miƙe ta koma ko zama sai an tallafe ta. Ina ganin ƙafafunta suna sirancewa, ga kunyar 'yar fari ta hana ni ko in rungume ta a gaban mutane. Sai in shige ɗaki in yi kukana in wanke fuska.

Malamin asibiti ya duba ta ya ba da magani, ya ce ruwan rijiya da ba a tafasa ba da dattin da ke maƙalewa a bakin bulumboti su ne ke kwantar da yara. Ya ce a koma ba ta kunu da ludayi. Na dawo gida na tsaya a tsakar ɗakin girki, na duba gabas na duba yamma. Babu gero, babu turmi, babu ko rariyar tace gasara. Gida cike da kaya, amma ba abin da zan dama wa 'yata. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ban jira Malam ya dawo daga rangadi ba. Na aika wa Inna saƙo ta hannun direban motar kasuwa, ranar kasuwa ta gaba sai ga ta a bayan a-kori-kura, da turmina da taɓarya, da buhun gero, da akuya mai shayarwa tana ta ɓare baki. Ta ɗauki jikarta ta juya ta.

"Mi kunka yi ta ba ɗiyar ga?" ta tambaye ni.

Na nuna mata gwangwanin. Ta sunsuna, ta ajiye shi a hankali can gefe.

"Tashi ki yi surfe," ta ce.

Da cikina na kama taɓarya. Bugun farko matan maƙwabta suka leƙo ta katanga, matar akawu har da tambayar ko biki za mu yi. Na ce mata eh, ta shirya gudummawa. Na surfa, na bakace, na wanke, na daka, dusa da ƙasari suka tafi wajen akuya. Inna ta jera duwatsu uku a bayan ɗaki ta hura wuta, ta tafasa ruwa da nonon akuyar, ta dama kunu mai laushi.

Malam ya dawo ya tarar da hayaƙi da kashin akuya a kan simintinsa. Ba shi da bakin magana a gaban surukarsa, sai ya durƙusa ya gaishe ta, ya kira ni gefe.

"Yanzu me mutane za su ce?"

"Malam, su faɗi abin da suka ga dama," na ce. "Turmin nan ba ya fita sai ta miƙe da ƙafarta, in ma ta miƙe ba ya fita."

Tun da muka yi aure ban taɓa mayar masa da magana haka ba, kuma har yau ina alfahari da na yi. Risho ya koma na dafa shayin baƙi, shinkafa ta koma ta ranar Juma'a. Aiki ya ƙaru mini, tafin hannuna ya yi kanta, amma na daina zaman jiran motar kanti kafin in san abin da za mu ci.

Yarinyar ba ta karɓi kunun nan da nan ba. Ta saba da roba, sai ta kawar da kai, Inna ta ɗiga mata kaɗan ta furzar. Haka aka yi ta fama, ina daka ina leƙen bakinta.

Wata safiya Malam ya shirya zai fita ofis, ya tsaya gaishe da Inna, ita kuma tana riƙe da yarinyar a cinya. Sai muka ga yarinyar ta kai hannu biyu ta cafke ludayin, ta kafa baki ta shanye, kunu yana bin haɓarta. Da ta ga babu saura ta buga ludayin a ƙwarya, ta tsala kuka mai ƙarfi irin wanda muka daɗe ba mu ji ba.

Malam ya jingine kekensa ya zauna a ƙasa da fararen kayansa, idonsa ya ciko.

"A ƙara mata," ya ce.

Na manta da kunya, a gaban mahaifiyata da mijina na karɓi 'yata na ɗora a cinya, na cika ludayin da hannuna.