Gangar Merlotu

Shekarun baya, a shekarar da Turawa suka naɗe tabarmarsu daga Dahome da Najeriya kusan lokaci guda, kawuna ya kawo wa mahaifiyata wata gangar katako. A Lolo muke zaune, bakin iyaka. Wani Bafaranshe mai kanti a tsallake ne ya yi gwanjon kayansa zai koma gida, kawuna kuwa ɗan kwalekwale ne, ya ɗauko ta ta kogi.

Mahaifina ya rasu, da kunun tsamiyar da mahaifiyata ke kaiwa kasuwa muke ci. Babbar randarta ta fashe, don haka ta yi murna ƙwarai. Ta wanke gangar, aka kafa ta gindin katanga, muka cika ta da ruwa.

Ni a lokacin saurayi ne mai mafarki ido biyu, na ɗan taɓa elementare, ina ganin kaina malami. A murfin gangar an zana wani gidan bene da wuta, ga layukan shuka a gabansa, ƙarƙashi kuma an rubuta MERLOT. Na karanta, na ƙara masa wasali irin na Ramlatu, ya zama Merlotu. Shi ke nan na samu budurwa. A raina ita ce ke leƙe ta tagar benen nan, tana jiran wani ɗan Lolo mai tsagaggen wando.

Abin da ya kama ni shi ne ƙamshin. In ka ɗaga murfin sai ka ji kamar ɗinya ta nuna ta faɗo, da ɗan zaƙin kanya, can ƙasa kuma hayaƙin icce mai daɗi. Ban taɓa jin irinsa ba.

Kasuwar farko kunun ya ƙare tun kafin azahar, mutane na cewa, “Inna, yau mi kika sa? Wanga ƙamshi!”

Daga nan abubuwa suka soma. Da rana tsaka, lokacin da gari ke yin tsit, ko akuya ba ta motsi, gangar sai ta riƙa ƙara: ƙas... ƙas... kamar ana ƙwanƙwasawa daga ciki. Ruwan da ya kwana a cikinta ya fara fitowa ja-ja. Sannan yana raguwa. Mu cika ta taf, mu rufe, washegari ya sauka, ƙasan gindinta kuma a bushe.

“Kai ka ke ɗiba kana wanka don 'yan mata?” in ji mahaifiyata.

“Wallahi Inna ban taɓa ba.”

Ta dube ni, ta dubi gangar.

Wata maƙwabciyarmu ta shigo roƙon ruwa, ta ɗebo a farar ƙwarya, ta ga launinsa, ta ajiye ta fita ba sallama. Kafin kasuwa ta zagayo, gari ya ɗauka: jini ne a gangar, da shi Inna ke jan masu saye. Ranar na ga mahaifiyata ta dawo da kununta ko ludayi ɗaya ba a taɓa ba. Ta sauke, ta zauna a kan turmi, ta ce, “An gama da ni a Lolo.”

Kawuna ya haye tsallake ya zo da wani tsoho ɗan ƙabilar Dendi, tsohon sojan Faransa, mai gurguwar Hausa. Maƙwabta suka cika zaure da bakin ƙofa. Tsohon ya sa kai cikin gangar, ya ja numfashi, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago idanunsa sun yi ruwa.

“Ba jini ba ne,” ya ce. “Giyar inabi ta zauna ciki.”

Mahaifiyata ta dafe ƙirji. “Giya? Ni da na shayar da Musulmi?”

Na yi ƙarfin hali na ce, “Baba, ita Merlotun fa?”

“Wace Merlotu? Marlo a ke cewa. Sunan inabi ne, ɗan nan, ba mace ba.”

Aka yi dariya kaɗan, ni kuwa a take na zama gwauro.

Tsohon ya ce bayan yaƙin duniya ya yi aikin tsinkar inabi can Faransa, a wani gida irin na zanen. Inabin baƙi ne, fatarsa laushi. In an matse sai a zuba ruwan a gangunan wani icce da suke kira shen, wanda ake babbake cikinsa da wuta, a saukar da su wani dogon rami ƙarƙashin gidan. Can giyar ke kwana shekara ko fi, cikin sanyi da duhu, tana shan ƙamshin iccen, iccen na shan launinta. Shi ne jan da muke gani. Ƙarar kuwa katako ne ke motsi da zafin rana.

“To raguwar fa?” in ji kawuna.

“Can ma haka ta ke. A rufe, ba tsaga, amma tana raguwa, sai mai gidan ya bi yana ƙarawa. Suna ce mishi rabon mala'iku.”

Limamin unguwarmu, da ke tsaye baya, ya ce, “A'uzu billahi. Mala'iku ba su ci, ba su sha, balle giya.”

Mahaifiyata ta ɗago kai a hankali. “To in ba su ba ne, wa ke sha?”

Rana na tsakar ka. Daga gindin katanga muka ji: ƙas... ƙas...

Liman ya ce ba laifi a kanta tunda ba ta sani ba, a wanke gangar sosai ya isa. Ita ta ce a'a, bakin mutane ba ya wankuwa da ruwa. Ta sa aka mirgino ta ƙofar gida, ta zubar da ruwan a idon kowa, ta tara kara, ta kunna da hannunta. Jiƙaƙƙen katakon ya riƙa wani siririn kuka, hayaƙin ya bi unguwa da ƙamshin ɗinya har matan da suka zage ta suna lumshe ido ba su sani ba. Na tsaya ina kallon gidan benen nan yana cin wuta, taga bayan taga.

Kasuwar da ta biyo, liman da kansa ya fara miƙa ƙoƙonsa. Maƙwabciyar nan ta biyo baya tana sunkuyar da kai. Sannu a hankali ciniki ya dawo.

Yau na tsufa, ban taɓa kai giya bakina ba, amma duk lokacin da ɗinya ta nuna sai zuciyata ta tafi wani rami mai sanyi da ban taɓa gani ba. Bayanin tsohon nan na yarda da shi, duka. Abu ɗaya ne kawai ya tsaya mini. Bayan an kafa sabuwar randa a gurbin gangar, kullum mahaifiyata sai ta ajiye ɗan ƙoƙon ruwa a gindin katangar, har ta bar duniya. Na taɓa tambayarta na wa ne.

“Na kaji,” ta ce.

Mu kuwa ba mu da kaji.