Faya-fayan Inna a Ulaisha

A tsakiyar shekarun 1980 Baba ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna, daga Katsina ya kawo ta Riyad. Lokacin yana aikin ba da magani a wani asibiti, muna zaune a hawa na biyu na wani bene a unguwar Ulaisha. Shekarata tara, Larabci ya fi Hausa zama a bakina. Aka haɗa mu ɗaki ɗaya ni da ita: gadajen ƙarfe biyu, farin bango, farin labule. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙare wa ɗakin kallo, sannan ta juya wajen Baba ta ce, "Kai, asibitin naku ka kawo ni?"

Sati uku akwatinta yana ɗaure, kullum maganarta a mayar da ita gida. Ran nan dai ta kwance shi, ta fito da faya-fayai bakwai da ta ɗinka da hannunta, masu ja da baƙi da kore. Baba ya ce mai benen ya hana a buga ƙusa a bango. Inna ba ta ja da shi ba. Ta ɗaura zare daga ƙarfen labule zuwa saman ƙofa, ta jera su a kai, ta shimfiɗa tabarmar kaba, ta ajiye kaskon turarenta a kusurwa. Daga ranar ta tura akwati ƙarƙashin gado, ba ta ƙara zancen tafiya ba.

A ɗakin nan na san tatsuniya. Idan sanyin Riyad ya shigo, da an idar da magariba sai ta jawo daffaya, hitar nan ta kananzir da take kira murhun Larabawa, ta miƙe ƙafafu ta ce, "'Yar Larabawa, matso, ga ta nan ta taho da zafinta." Rabin Hausar da nake ji yau a gindin wannan hita na tsince ta. Ina son Inna ƙwarai, amma ina jin kunyar faya-fayanta, gara in faɗi gaskiya.

Wata Alhamis ƙawata Huda, 'yar ajinmu, za ta zo gidanmu karo na farko. Na san ɗakinsu tas yake, ba tarkace. Inna tana shiga wajen maƙwabciya na hau gado na tsige zaren, na cusa faya-fayan da tabarmar a bayan ƙofa. Huda ta zo ta duba ta ce, "Wallah, ɗakinku sak namu." Daɗi ya kama ni har kunne.

Bayan ta tafi Inna ta shigo. Ta kalli bango, ta kalle ni. Kafin la'asar akwati ya fito daga ƙarƙashin gado, faya-fayan suna ciki, na kuma ji tana ce wa Baba ya duba mata ranar jirgi. Na san ni na jawo.

Da magariba na ɗauka ba tatsuniya. Sai ga shi ta jawo hita kamar kullum ta ce in matso.

Ta ce wata yarinya ce aka kai ta aure can bayan kogi bakwai, garin da ɗakunansu duk iri ɗaya ne, ba mai bambanta na wannan da na wancan. Ta je da ƙoshiyarta, da ƙwaryar da uwarta ta zana mata, da tabarma mai bakin shuɗi. Matan garin suka yi ta kallon kayan suna ƙus-ƙus. Yau ta ɓoye ƙoshiya, gobe ƙwarya, jibi tabarma, har ɗakinta ya koma irin nasu, suka ce yanzu ta zama 'yar gari. Shekara ta zagayo, kewa ta ishi uwar, ta ɗaura ɗan ƙunshinta ta ƙetare kogunan nan da ƙafa. Ta iso da hantsi, duk matan sun tafi rijiya. Ta bi ƙofa ƙofa tana leƙawa, tana neman ƙwaryar da ta zana. Ta leƙa ɗakin 'yarta ma, ta ce, "Nan ba nata ba ne," ta wuce. Da ta kai ƙarshen gari ta share hawaye ta kama hanyar gida.

Inna ta ɗauki murfi ta kife a kan kaskon turare. "Ta ƙare, na rufe ta."

Na ce, "Inna, uwar ba ta dawo ba?"

"Ta dawo ina? Ai ta leƙa, ba ta ga kowa ba."

Kuka ya ƙwace mini. Na buɗe akwatin da kaina, na hau gado na shiga ɗaura zare. Tana zaune tana ba da umarni kamar ba ita ce mai tafiya ba: "Ke, ja ba ya zama kusa da ja. Ɗaga wancan, ya karkace." Da na gama ta ce, "To, ke ina naki? Ɗakin nan na mutum biyu ne." Na rasa abin ɗaukowa sai wani raƙumi da na zana a makaranta. Ta juya takardar sama da ƙasa ta ce, "Wannan raƙumi ne ko akuya mai ƙusumbi?" Duk da haka ta maƙala shi da tsinke a tsakiyar faya-fayan. Ta ƙara shekara uku tare da mu kafin ta koma Katsina.

Na daɗe ina ɗauka faɗa ne kawai ta yi mini a cikin tatsuniya, kada in ji kunyar inda na fito. Sai da ta rasu, ina da aure har da 'ya'ya, na je Katsina gaisuwa bayan an riga an kai ta. Gwaggona ta buɗe mini ɗakinta. Ga jeren kwanuka, ga faya-fayan nan bakwai sun koɗe, a tsakiyarsu kuma ga raƙumina, takardar ta yi ja don tsufa. Ban ma san ta taho da shi ba.

Gwaggo ta ce duk wanda ya tambayi Inna wannan wace irin dabba ce, sai ta ce, "Na jikata ne ta Riyad. Na rataya ne don in ta zo ba na nan, kada ta wuce ƙofar."

Allah Ya jiƙan Inna, Ya saka mata da Aljanna. Na zo ba ta nan, ban kuwa wuce ba.