Ranar da Na Fassara wa Kawu Takardarsa

Kawuna ɗan kasuwar hatsi ne, ko aji uku bai gama ba a lakwal, wato firamare. Wata shekara ya tsallaka Najeriya da wake, ya dawo Dakoro da jar alkyabba, da hula mai tunku, da takarda cikin gilashi. Wai an ba shi dokta a wani otal. Ya yanka sa, ya gayyato mutane har daga Kornaka.

A gidanmu, duk takardar boko da ta shigo sai an karanta ta gaban dattawa kafin a shafa fatiha. Ni ke koyar da Ingilishi a kolej, ana ce mini Mushe, wato malamin boko, don haka aikin ya faɗo kaina. A tsakiyar takardar akwai wata kalma, doctorial. Sai da na tono babban ƙamus kafin na same ta. Tsohuwar kalma ce da kusan ba mai amfani da ita, ma'anarta kawai abin da ya shafi digirin dokta. Ba sunan jami'a a takardar, ba komai. Yabo ne aka buga da ruwan zinariya, irin wanda maroƙi ke yi a baki.

Abin da ya fi ƙona mini rai ƙanwata ce. Shekara shida tana Yamai tana bincike kan tsutsar da ke cin zangarniyar gero, ta kare aikinta a gaban malamai, ta dawo da digirin dokta na gaske. Ko kaza ba a yanka mata ba. Ni kaɗai ke karanta rubutunta, kuma ta ɗauke ni mutumin da ba ya ƙarya a kan ilimi. Ran walimar tana madafa tana kwasar tuwo.

Kawu ya miƙo gilashin, yana gumi cikin alkyabba kamar buhun da aka manta a rana.

"Mushe, hwaɗa musu mi kalmar ga taka nuhi."

Na raina shi, na raina hular, na raina masu gyaɗa kai ba su san ko harafi ba. Na buɗe baki na ce, "Tana nufin babban dokta, wanda ya fi sauran."

Aka ɗau kabbara. Daidai nan ƙanwata ta ajiye tire a gaban dattawa. Ta fi ni Ingilishi nesa ba kusa ba. Ta dubi takardar, ta dube ni.

"Sannu da aiki, Yaya," ta ce, ta koma madafa.

Tun daga ranar ba ta sake ba ni ko shafi ɗaya in karanta ba.