Vandi da Raƙuminsa

Ranar Talata, sha huɗu ga Afrilu, 1964, da hantsi, Allah ya karɓi ran maƙwabcina Vandi a bayan gidansa da ke Kolere. Jinkar rumbunsa ce ta faɗo masa a wuya.

Vandi, ni Maharazu maƙeri na san mafarin abin. Tun da aka yi ƙuri'ar zaɓen Najeriya ko Kamaru, aka ce kai Kamaru ka jefa wa, unguwa ta juya maka baya. Ɗora jinka aikin gayya ne. Ka sa aka dama kunu, ka kira maza, ba wanda ya leƙo sai ni gurgu. Ruwa ya tarar da dawarka a buɗe, a shekarar 'ya'yanka ruɓaɓɓiya suka ci.

Ba ka zagi kowa ba. Ka kafa itatuwan giginya uku, ka haɗe kawunansu, ka rataya wilin keke, ka tufka igiyar rama, ni na ƙera maka ƙugiya. Suka yi ta dariya, wai Raƙumin Vandi. Ranar da ka ɗaga jinka kai kaɗai, dariya ta ƙare, aro ya fara: wannan dutsen rijiya, wancan buhunan gyaɗa. Na ce ka hana su. Ka ce, "Malam, bari, igiya bai san ƙuri'a ba." Na ji haushinka, har yau ina ji.

Tizhe, ɗan unguwarmu, shi ne ya yi aron ƙarshe. Dutsen rijiyarsa ya ci igiyar, sai ya shafe wurin da laka don kada a ce ya tufka wata, ya mayar bai gaya maka ba. A daidai nan ta tsinke kana ɗaga jinka. Da hannuna na kankare lakar.

Ranar uku ya zo gaisuwa, ya sha kunu, ya dubi matarka Miriyamu ya ce, "Maman Seth, sannu fa. Raƙumi ɗin, in ba kowa yana aiki da shi, ni ban gama rijiya ba."

Allah ya yi maka rahama, Vandi, ya ba ka hutun da ba ka samu a nan ba. Miriyamu, Seth, Margret, Allah ya ba ku haƙuri, ya kuma ɗan riƙe ruwansa. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, jinkar tana nan inda ta faɗi, maza kuma suna wucewa ta ƙofar gida suna cewa sannu.