Ranar da Kaza Ta Ƙi Ɗaukar Yarinya

Taubashiyata ce, 'yar gwaggona, kuma ni na raɗa mata suna Kaza tun muna ƙanana, don duk inda ta sa ƙafa sai ka ga 'yan tsaki a bayanta. Ita kuma ta rama da kirana Aji Uku, wai nan motar karatuna ta mutu. Sharri ne, na leƙa aji huɗu har sau biyu kafin in kama aikin kafinta.

Shekara ashirin da biyu tana riƙe da gidan renon yara a ɗakuna biyu na bayan gidanta: tabarmi, 'yan kujeru goma sha takwas da ni na ƙera, da jerin fo a gindin famfo. Rabin unguwarmu ita ta share wa majina. Akwai wani ƙaton direban bas da har gobe in ya hango ta sai ya cire yatsa daga hanci. Ta bayan bango take jin kukan yaro ta gaya maka yunwa ce, ko zazzaɓi, ko shagwaɓa tsagwaronta.

Sai ga takarda daga hukuma: duk mai gidan reno da ba ta da digiri, za a garƙame mata ƙofa. Kaza, da furfurarta da ciwon gwiwarta, ta shiga jami'a sashen nazarin yara da matasa, ta zauna aji ɗaya da wasu da ita ta koya musu riƙe cokali. Littattafan kam ta cinye su har bango. Abu ɗaya ya rage, jarrabawar aiki. Malamin duba zai zo gidan renon ya zauna minti arba'in da takarda mai gida goma sha biyu, kowane gida da abin da ake so a ga ɗalibi ya iya. Sakamakon koyo suke ce masa. In ya gani ya sa maki, in bai gani ba ya ja layi.

Ranar ina bakin taga, wai ina gyaran ƙafar kujera. Malamin ya zo da agogo kamar faranti. An fara waƙar ƙirga ke nan, Kaza ta lura 'yar tela, wata 'yar shekara uku, ba ta amsawa, sai karkatar da kai take tana jan kunne. Ta ajiye darasi, ta kai ta haske, ta leƙa. Dutsen ado ne na ɗinki ya shige can ciki. Ta kira uwar a waya, ta rarrashi yarinyar har aka zo aka wuce da ita asibiti. Ta dawo kan darasi saura minti tara.

Faɗuwa ta yi warwas. Malamin ya ce mata, "Malama, abin da kika yi ya yi kyau, amma ba shi da gida a takardata."

Ni da ban yi boko ba, da ƙyar na hana gudumata yi masa bayani. Wato malaman jami'a sun zauna da rigunansu masu fukafukai sun tsara yadda za a auna mai renon yara, suka manta da gidan yaro!

Dama ɗaya ta rage mata, in ta sake faɗuwa shi ke nan gidan reno. Wata guda tana atisaye da agogo, har gaisuwa a ƙidaye take amsawa. Na ce mata Kaza ta zama zakara, ta san lokaci. Ko murmushi ba ta yi ba.

Malamin ya dawo, ni ma na koma bakin taga. Komai na tafiya daidai, sai a minti na ashirin da shida 'yar telan nan ta yi tuntuɓe da tabarma ta buga leɓe. Ba wani rauni ba ne. Ta tashi ta ɗaga hannu biyu tana nufo Kaza da kuka. Na ga hannun Kaza ya tafi da kansa, ta kamo shi da ɗayan ta maƙale a baya. Ta ce yarinyar ta zauna, ta ci gaba da nuna launuka. An riga an gargaɗe ni kada in shiga. Yarinya ta yi kukanta ta gaji, ta koma lungu ta yi shiru.

Goma sha biyu cif ta ci. Malamin har yaba mata ya yi, wai ta nuna kamun kai.

Yana fita ta ruga ta durƙusa da gwiwar nan mai ciwo ta buɗe hannu. Yarinyar ta zagaye ta, ta ɓuya bayan kujera. Kwana huɗu ba ta yarda Kaza ta taɓa ta ba. Duk tsokanar da na tanado a bakina, haka na haɗiye abata.

Gidan reno yana nan a buɗe. Da digirin ya fito na yi masa firam na katako mai kyau, na tambaye ta inda za a rataya.

Ta ce, "Aji Uku, kai shi gindin famfo, saman fo. Can ne yara ba sa ɗaga kai."

Ƙusa huɗu na buga masa.