Turken Farfelar Rabi'u

A Kekun Waje ba mai ce masa Rabi'u kawai, sai Rabi'u Fanka. Ya ci sunan ne a Tudun Wadan Gusau, inda ya ƙare ƙuruciyarsa a wata rumfa yana gyaran fankoki. Mutum ne mai taurin kai, irin wanda in an ce abu ba zai yiwu ba sai ya rasa ci ya rasa sha.

Ciwon sugan mahaifiyarsa, Inna Hajara, shi ya dawo da shi gida. Allurarta sai a firji, ƙauye kuwa ba wuta, hanyar Gusau kuma ta zama wadda ba a bi sai da addu'a a baki. Ya sa farantin sola, aka sace. Sai ya ce, in wuta na juya fanka ta ba da iska, me zai hana iska ta juya fanka ta ba da wuta? Ya yanka bututun roba ya yi farfela, ya haɗa ta da dinamon wata tsohuwar mota, ya ɗora a kan dogon ƙarfe a tsakar gida. Wayoyi uku suka riƙe ƙarfen, kowace a ɗaure da turke. 'Yan gari sun yi dariya har sun gaji, daga baya suka riƙa kawo wayoyin hannunsu caji ba kunya.

Sai ranar hadarin farko na daminar bana. Yana dawowa daga sallar La'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso, farfela tana ta kuka. Ya shiga gida da sauri. Ga sansa na huɗa, guda ɗaya tilo da yake haɗawa da na maƙwabci, a ɗaure a turken waya. A ƙauye duk abin da aka kafa a ƙasa turke ne, wani sai ya ɗaura masa dabba.

Aka yi tsawa. Sa ya zabura ya ja, turke ya motsa, ƙarfen ya karkata. In ya faɗi, firji ya mutu, allurar Inna ta lalace.

Rabi'u ya nufi igiyar don ya kwance, sa ya juyo masa da ƙaho. Ya sake zagayawa, ya tarar ƙullin ya ɗame, ba hannun da zai warware shi. Ƙasar gindin turken ta fara tsagewa. Ya dubi dangar karan da ke bayan gida. Ya san ba za ta tare sa ba, ya kuma san dabbar da ta shiga dajin nan a zamanin nan ba a bin sawunta.

Ya zaro wuƙa ya yanke igiyar.

Sa ya keta danga ya yi daji. Rabi'u bai ko waiwaya ba, ya ɗauki taɓarya ya hau dukan turke, ruwa na zuba a kansa, har wayar ta miƙe.

Da ya shiga ɗaki sharkaf, ya sami Inna a tsaye a bakin ƙofa. Ashe duk a idonta aka yi.

"Ni naɗ ɗamre shi can," in ji ta. "Na ga turken nan ya hi ƙwari. Yanzu da mi za ka huɗa bana?"

Haushi ya taso masa, tausayinta kuma ya danne shi. Ya dafa firjin, ya ji yana gurnaninsa kamar kullum.

"Akwai hauya, Inna," ya ce. "Miƙo hannunki, lokacin allura ya yi."