Hannun da Na Karya a Bakin Rijiya

Na shekara goma sha ɗaya ina ginin rijiya a ƙasar Gure kafin wani ya zaunar da ni a kan benci ya ce zai koya mini yadda ake shiga rami a fito da rai. Lokacin ni ne shef, wato shugaban aikin, mu huɗu muke aiki ƙarƙashin wani ɗan kwangila. Akwai tsoho mai kula da igiya, wanda duk muke ce wa Baba, sai wasu ƴan'uwa biyu daga wajen Bune, uwa ɗaya uba ɗaya. Wan gajere ne, ba ya son magana, kuma ban taɓa ganin mai iya haƙa a cikin yashi kamarsa ba. Ƙanen ya ba talatin baya, dogo ne, ƙaƙƙarfa, shi kaɗai yake mirgina zoben siminti da mu biyu muke fama da shi. Duk inda wansa ya sa ƙafa nan yake sa tasa.

Ɗan kwangilar ne ya ce dole mu je horon kwana uku kan kare lafiya a wurin aiki, wanda bai je ba kuma ba zai ƙara sauka rami a ƙarƙashinsa ba. A wani ajin lekwal, makarantar boko, aka yi, yara suna hutu. Mu wajen ashirin ne, duk maginan rijiya. Malamin horon mutumin Tawa ne, dattijo mai ɗingishi, shi ma tsohon magini. Kwana biyu yana nuna mana hular kwano da ɗamarar da ake ɗaura wa igiyar ceto, yana zane a allo, mu kuwa muna gyangyaɗi. Mun ɗauka babu abin da zai faɗa mana wanda ba mu sani ba.

Rana ta uku ya fitar da mu tsakar gida. Ya sa aka mirgino tanon gazuwal, gangar ƙarfen man dizal, da aka yanke wa baki. Ya kunna fitilar ƙwai ya ajiye a ciki, ya saka zakara ɗaure da ƙafa a gefenta. Sai ya tayar da motopampu, injin jan ruwan nan da muke aiki da shi kullum, ya karkata hayaƙinta cikin tanon na ɗan lokaci, ya kashe, ya rufe da buhu. Muka ji zakaran yana dukan ƙarfe da fukafukai, yana yi yana yi, har ya bari. Da aka ɗaga buhun, wuyansa ya lanƙwashe, baki a buɗe. Fitilar tana ci abinta.

Malamin ya ce, "Kun saba gwada rami da fitila. To ga fitila ba ta mutu ba. Injin nan ba ya shiga rijiya, ko da wane dalili. Igiyar ceto ba ta barin jikin mutum. In kuma ɗayanku ya faɗi a ƙasa, ba mai bin sa. Wanda ya bi shi, gawa biyu za ku jawo."

Wani daga baya ya ce, "In ɗan'uwanka ne fa, Malam?"

"Ɗan'uwan wanda ya faɗi ne ma zai fara tsalle. Ku riƙe shi. In ya ƙi riƙuwa ku kayar da shi. Ƙashi yana ɗoruwa."

Aka yi dariya, har da ni. Ƙanen nan ya ɗauki zakaran ya ce asara ce a bar shi, Baba ya tuna masa mushe ne.

Wata huɗu bayan nan, tsakiyar bazara, aka tura mu wani ƙauye arewa da Kelle. Tsohuwar rijiyarsu ta rufta, makiyaya sun yi sansani kewaye da mu da shanu da raƙuma, suna jiran ranar da za mu gama. Kullum da safe sai su zo su leƙa su koma. Dabbobin suna kukan ƙishi tun asuba.

Mun taɓa ruwa a gaba goma sha huɗu. Saura mu nutsar da zobe uku a ƙarƙashinsa, amma ruwan yana tsattsafowa fiye da yadda guga ke kwashewa, motopampu kuma daga sama ba ta iya jawo shi daga wannan zurfin. Ni na ce a ɗora ta a kan katako a zura ta cikin ramin. Da muka rasa igiyar da za ta ɗauki nauyinta, ni na kwance igiyar ceto na rataye ta da ita.

Baba ya ce, "Shef, ka ga zakaran nan da idonka."

Na ce masa zan zuba esansi, wato fetur, kaɗan, injin ya cinye ya mutu da kansa, mu sha shayi hayaƙin ya fita, sannan a sauka. Kwana biyu muka yi haka, wan yana fitowa da ciwon kai kawai, yana cewa rana ce.

Rana ta uku iska ba ta motsi ko kaɗan. Injin ya mutu da hantsi, muka zauna shan shayi, amma ina ji a raina ruwa yana komowa cikin ramin kamar ina ganinsa. Kofi ɗaya muka sha na ce a tashi. Wan ya ɗaura ɗamararsa, ya sa hula, muka zura shi da igiyar guga. Da ya isa ƙasa ya kwance ta, don da ita ake fitar da yashi. Guga ɗaya ya fito. Na biyu ya fito rabi. Muka mayar, muka jira, igiyar ba ta motsa ba.

Akwai madubin da muke haska rana da shi cikin rami. Na karkata shi na leƙa. Yana zaune cikin ruwa zuwa ƙugu, ya jingina da zobe, kansa ya faɗo kan ƙirji, hular tana yawo a gefensa.

Ƙanen ya kira, "Yaya." Ya sake kira da ƙarfi. Sai kawai ya cafki igiyar guga ya ɗora ƙafa ɗaya a kan bakin rijiyar.

Na rungume shi ta ƙugu ina ce masa ya tsaya. Ya kawo mini gwiwar hannu a hanci, na ji abu ya ɓare a fuskata, jini ya cika mini baki. Ban saki ba. Ya juyo ya shaƙe ni da hannu ɗaya, ya ɗaga ni ya buga da tarin tsakuwa. Kafin in miƙe ya koma, ƙafa biyu sun riga sun shiga, hannuwansa ne kawai a kan igiya da bakin siminti. Ƙotar diga tana kusa da ni. Na ɗauka da hannu biyu na sauke masa a kan damtsen dama iya ƙarfina.

Har yau ina jin ƙarar. Irin ta busasshen reshen ƙirya ce in an taka shi. Hannun ya lanƙwashe a inda ba gaɓa. Ya yi baya zai faɗa ciki, Baba ya riƙo wuyan rigarsa, muka finciko shi waje. Ya tashi da hannun yana reto, ya sake nufar ramin. Na ƙara masa a ƙwauri, ya kife.

Daga nan ban ga abin da ya same ni ba. Wani makiyayi da ya sheƙo daga wajen raƙuma ya ga mutum yana dukan wanda ɗan'uwansa ke mutuwa a rami, ya sauke mini sanda a tsakiyar kai. Na durƙusa. Na biyu ta same ni a kafaɗa, wani kuma ya tattaka ni a haƙarƙari. Baba ne ya faɗa kaina yana ihu da Hausa da Barbarci, yana cewa guba ce a ramin, duk wanda ya sauka ya mutu. Sai suka tsaya. Su ɗin dai da suka dake ni su suka danne ƙanen, mutum huɗu, suka ɗaure shi da igiyar raƙumi a jikin amalanke. Yana zagina da uwa da uba, yana roƙonsu, yana cizon igiyar.

Wata mata ta kawo ƙugiyar da suke ciro guga da ita in ya tsinke, mai baki huɗu. Baba ya zura ta. Ni na riƙe madubi, jini yana zuba mini a ido ina sharewa da kafaɗa. Ruwan ya kai wa wan ƙirji. Karon farko ƙugiyar ta kama riga, rigar ta yage. Na biyu ta kuskure. Na uku ta shiga ƙarƙashin ɗamarar, ta shiga har cikin naman hammata, muka gani amma ba yadda za mu yi. Muka ja, makiyaya suna taya mu. A rabin hanya kansa ya bugi katakon da injin ke kai, sai da muka sassauta muka karkata shi kafin ya wuce.

Muka shimfiɗa shi a kan yashi. Cikin leɓɓansa ja wur, kumfa a gefen baki. Na haɗa hannu biyu a kan ƙirjinsa na fara dannawa kamar yadda malamin ya nuna mana a kan buhun gero. Haƙarƙari ɗaya ya karye a ƙarƙashin tafina, sannan wani. Ƙanen yana kallo daga jikin amalanke, ya daina zagi, yana cewa, "Shef, ka bar shi haka. Don Allah ka bar shi." Ban bari ba sai da ma'aikacin likita ya iso a kan moto, wato babur, ya duba idanunsa, ya kama hannuna ya ɗaga.

Jandarmomi suka tafi da ni Gure bayan an ɗinke mini kai. Ban ɓoye musu komai ba. Na ce ni na sa injin a rami, ni na cire igiyar ceto, ni na karya hannun. Na yi kwanaki a tsare, sannan dangin mamacin suka aiko cewa sun bar wa Allah, aka sake ni.

Na je gaisuwa garinsu, kaina naɗe da bandeji. Baba ya so ya hana ni, da na ƙi sai ya raka ni. Uwarsu tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, tsohuwa ƴar ƙarama. Na durƙusa nesa kaɗan.

Ta ce, "Kai ne shef ɗin?"

"Ni ne, Inna."

"An ce ba don kai ba da biyu zan rasa."

"Ba don ni ba, Inna, da ba ki rasa ko ɗaya ba."

Sai ta ce a kawo mana ruwa, ta juya ta ci gaba da jan tasbaha. Ƙanen bai fito ba.

Sai bayan damina muka haɗu, ranar kasuwar Gidigir, a layin masu igiya da guga. Ɗorin bai yi kyau ba, hannun ya kama a karkace, yatsu biyu ba sa rufuwa. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya zo kai tsaye. Da hagu ya fara, a kunne. Na faɗi kan tarin tabarmi, ya hau kaina yana naushi, haƙorina ɗaya ya fita, hancin da ya warke ya sake fashewa. Ban ɗaga hannu ba. Mutane suka taso, na ce musu su bar shi, tsakaninmu ne. Ya yi ta yi har hagun ta gaji, ya sauka ya zauna a ƙasa kusa da ni yana haki.

Can ya ce, "Da na sauka, da na fito da shi?"

Na tofar da jini na ce, "Da ba ka fito ba."

"Ka tabbata?"

"Wannan kam na tabbata."

Ya duba hannunsa na dama, ya tashi, ya kaɗe wandonsa, ya ɗauki kayansa ya shige cikin kasuwa.

Ɗan kwangilar bai ƙara ba ni aiki ba, ni ma ban nema ba. Yanzu bulo nake bugawa a bayan tasha a nan Gure. Baba ya koma gona. Ƙanen ba ya iya riƙe diga, yana sayar da gishiri da kanwa kasuwa-kasuwa, ya ɗauki ƴaƴan wansa uku ya haɗa da nasa. In ya shigo gari yakan wuce ta gaban wurin aikina. Wani lokaci ya yi sallama in amsa, wani lokaci ya wuce bai dubo ba. Rijiyar kuwa wasu magina aka turo suka ƙarasa ta, sun ce da guga da raƙumi biyu suka kwashe ruwan, ya ɗauke su kwana goma sha biyu.